Me Ke Cin Tsohuwar Mota a Ƙasar Daura?

Gabatarwa

A wani gida cikin birnin Daura, bayan an wuce zaure na biyu, akwai wata mota ƙirar Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, da ta shekara goma sha ɗaya ba ta motsa ba. Ta kawuna ce. Ranar da ya ajiye ta lafiyarta ƙalau. Ganinsa ne ya yi rauni, kuma bai yarda samarin gidan su riƙa yawo da ita ba, saboda haka ya sa aka tura ta gindin darbejiya, aka lulluɓe ta da tamfol, ya jefa makullin cikin akwati. A ganinsa ya adana ta ke nan.

A hutun da ya gabata wani abokina, malamin makarantar sakandare, ya nemi in raka shi ya taya ta. Ya daɗe yana sha'awar tsofaffin motoci, musamman masu ƙofa biyu irin na tsere, amma da yake aljihunsa bai kai can ba, ya ce zai fara da wannan. Da muka yaye tamfol sai muka tarar jikin motar garau yake, babu tsatsa sai 'yar kaɗan a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar direba. To, amma tayoyin nan huɗu duk sun tsattsage, batir ya kumbura, ɓeraye sun yi sheƙa kusa da inji sun gwaigwiye wayoyi, zanzaro ya jera ɗakunansa a jikin kafireta, kujeru kuwa sai warin fumfuna suke yi. Abokin nawa ya dube ni ya ce, "Dokta, ashe mota ma fagenku ce."

Gaskiya ya faɗa. Duk abin da muka gani a ranar aikin sinadarai ne da na halittu masu rai, kuma yawancinsa yana cikin manhajar sakandare. Motar da aka ajiye ba hutawa take yi ba, ana cin ta ne a hankali. Abin da ke cin ta a Daura kuwa ya sha bamban da abin da ke cin ta a Ikko ko a Turai. Wanda ya fahimci wannan ya san inda zai duba in zai saya, ya kuma san abin da zai tsare in ya saya.

Motar tsere da 'yar'uwarta ta tasha

Abin da ake nufi da motar tsere a wannan darasi shi ne ƙaramar mota mai ƙofa biyu, wadda aka yi ta ƙasa-ƙasa domin gudu da daɗin tuƙi, ba domin ɗaukar iyali ko kaya ba. Wasu ana iya naɗe rufinsu. Cikin waɗanda suka yi suna akwai Jaguar E-Type ta Ingila da ta fito a 1961, da MGB wadda aka yi ta ƙerawa daga 1962 zuwa 1980, da Mercedes-Benz SL ta Jamus wadda samfurinta na 1971 ya kai har 1989 ana yin sa. In irin wannan mota ta haura shekara talatin tana nan yadda aka ƙera ta, masu sha'awa kan neme ta kamar yadda ake neman tsohuwar alkyabba.

Irinsu ba su da yawa a ƙasar Daura, amma 'yar'uwarsu kowa ya san ta. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968. A 1969 ya ƙaro mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, daga nan 504 ta zama motar ma'aikata, ta kuma zama motar haya tsakanin Daura da Katsina da Kano da Kwangwalam. A wannan shekara ta 1975 ne Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe tseren Safari na ƙasar Kenya da 504 mai ƙofa huɗu, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya lashe shi da mai ƙofa biyu. Wato ke nan motar da ake loda wa buhunan gero a tasha jininta ɗaya da zakarar tsere, kuma duk abin da za a faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayar.

Tsatsa

Tsatsa tana samuwa ne idan abubuwa uku sun haɗu: baƙin ƙarfe, da iskar oksijin, da ruwa. In aka cire ɗaya daga cikinsu aikin ya tsaya. Ruwan da ya kwanta a kan ƙarfe yakan zama tamkar ɗan ƙaramin batir. A wani gefe ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna sakin elektron suna narkewa, a wani gefen kuma oksijin yana karɓar elektron ɗin. Abin da ke fitowa daga ƙarshe shi ne jan garin nan da ake rubutawa Fe₂O₃, haɗe da ruwa. Illarsa ita ce ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi girma, ga shi da ƙofofi kamar soso, saboda haka yakan ɓare ya buɗe sabon ƙarfe ga ruwa. Gishiri yana hanzarta aikin, domin ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki.

A nan ƙasar Daura ta yi sa'a. Ƙarfe ba ya tsatsa da sauri sai damshin iska ya haura kimanin kashi 60 cikin 100. Damina a wurinmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sannan da hunturu damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Wannan shi ya sa jikin motar kawu ya tsira, in ban da wurin da ruwan sama ya riƙa ɗiga ta tsohuwar robar gilashi yana taruwa a ƙarƙashin shimfiɗa.

A Turai da arewacin Amurka kuwa gishiri ake watsawa a kan titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara. Tayoyi su feso wannan ruwan gishiri a cikin motar, ya maƙale a lunguna. Akasarin motocin shekarun 1960 da 1970 ba a yi wa ƙarfensu rufin tutiya ba. Kamfanin Porsche na cikin na farko da suka fara yin haka, a tsakiyar shekarun 1970. Shekaru da dama motocin da muke kira Beljiyam a tashar ruwan Kwatano suke sauka, su biyo ta Jamhuriyar Nijar su shigo ta iyakokin Jihar Katsina, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017. Da yawa daga cikinsu sun zo da cutarsu daga can, an rufe ta da sabon fenti. Bisa ga wannan, tsohuwar motar da ta yi rayuwarta a Arewa ta fi wadda ta zo daga ƙasar ƙanƙara ƙoshin ƙashi, ko da kuwa fentinta ya koɗe.

Zafi, da abin da yake yi wa roba

Abin da muka samu sauƙinsa wajen tsatsa muna biyansa wajen zafi. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa aikin inzayim yakan ninka kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salsiyas, har zuwa inda zafin zai lalata shi. Wannan ƙa'ida ta kintace ba ta tsaya ga jikin mai rai ba. Masanin kimiyyar sinadarai Jacobus van 't Hoff, mutumin Holan wanda ya fara karɓar kyautar Nobel a wannan fanni a 1901, ya nuna cewa haka haɗuwar sinadarai da yawa take. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. In ana kwatanta garejin da zafinsa digiri 20 ne da tsakar gida a Daura cikin watan Afrilu, inda zafi ke kaiwa 40, to lalacewar ta ninka sau biyu, ta sake ninkawa, wato sau huɗu. Gaban motar da aka rufe gilasanta a rana kuwa yana iya wuce digiri 70.

Roba ce ta fi shan wannan wahala, kuma asalinta daga mai rai take. Ƙaro ne na wata bishiya mai suna *Hevea brasiliensis*, 'yar asalin dajin Amazon, wadda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Ƙwayoyinta dogaye ne kamar zare, a cukurkuɗe, shi ya sa take miƙewa ta koma. Ɗanyar roba tana danƙo da zafi, tana sandarewa da sanyi, sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta zaren kan ɗaure da juna, ya kuma yi rajistar wannan dabara a 1844. Tayar yau haɗi ce ta wannan roba da wadda ake yi daga man fetur.

Maƙiyan roba su ne oksijin, da hasken rana, da iskar ozon, wadda ƙwayarta zarra uku ce ta oksijin. Ozon yana tsinka zaren robar a inda take a miƙe, shi ya sa tsagar tsohuwar taya takan fito a gefenta. Masu yin taya suna zuba wani irin kakin kariya a cikin robar. Yayin da taya ke juyawa tana lanƙwasa, kakin yana tsattsafowa waje yana sabunta rufinta, kamar yadda maiƙon fatar mutum ke fitowa ya hana ta kaushi. In mota ta tsaya, wannan sabuntawa ta ragu ƙwarai. Ga dalilin da ya sa tayar da aka ajiye kan riga wadda ake mora tsagewa, ko da zanenta bai taɓu ba.

Ana iya sanin shekarun taya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In lambobi uku ne kawai, to an yi ta kafin shekarar 2000. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar kada a mori wadda ta kai shekara goma. Ni a wannan zafi namu ba zan kai ta can ba. Kuma ba taya kaɗai ba ce roba a jikin mota: akwai fambel, da tiyon lagireto, da tiyon fetur, da tiyon birki, da ƙananan robobin da ke riƙe man birki. Tiyon fetur da ya tsage a kan inji mai zafi gobara ce.

Man birki shi ma yana da nasa hali. Irin wanda aka fi amfani da shi yana zuƙar ruwa daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 yana iya tafasa a 140. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa yana matsuwa, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Duk shekara biyu ya kamata a zubar da shi a sa sabo, ko an mori motar ko ba a more ta ba.

Batir kuma ko ba a taɓa shi ba yana zubar da cajinsa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri. In ya daɗe babu caji, gishirin dalma ya daskare a kan farantansa, daga nan ba ya sake karɓa.

Baƙin da suka tare

Ga ɓera, mota wuri ne mai duhu, babu mage, ga soso da auduga na yin sheƙa. Me ya sa yake cin waya, alhali ba abinci ba ce? Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a kowane mako. Gaban haƙorin ya fi bayansa tauri, saboda haka gwaigwaya tana wasa shi kamar kurfi, tana kuma hana shi yin tsawon da zai hana ɓeran cin abinci. Wayar da ya feƙe in ta taɓa jikin mota sai tartsatsi.

A nan akwai abin da ya fi mota muhimmanci. Ɓeran da ake kira *Mastomys natalensis*, wanda macensa ke da nonuwa har wajen ashirin ko fiye, yana nan ko'ina a Afirka ta Yamma, a gona da cikin gida. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Ana ɗaukar cutar ta fitsarinsa da kashinsa, har da shaƙar ƙurarsu. Saboda haka wanda zai share motar da ɓeraye suka zauna kada ya sa tsintsiya ya tayar da ƙura. Ya buɗe ƙofofi iska ta ratsa, ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, ya jiƙa wurin da ruwan bilic, sannan ya kwashe. Na hana abokina sa hannu cikin sheƙar nan, ya yi mini dariya, amma dai ya janye hannunsa.

Zanzaro, wanda saboda siririn ƙugunsa muke cewa ɗan makaranta ya yi zanzaro in ya cusa riga cikin wando, macensa ce ke gini. Takan ɗebo laka ta gina ɗaki, ta harbi gizo-gizo ko tsutsa, gwargwadon irinta, ta sumar da shi ba tare da ta kashe shi ba, ta sa a ɗakin, ta yi ƙwai, ta liƙe. Ɗanta in ya ƙyanƙyashe ya tarar da nama ɗanye. Tana son ƙananan ramuka, kuma mota cike take da su. In ta toshe kafar da tankin mai ke shaƙar iska, mota za ta yi tafiya kaɗan ta mutu, makanike ya yi ta neman laifin a wani wuri. Kada a raina wannan ɗan gini. A 1996 wani jirgin sama na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Bincike ya nuna bututun da ke auna saurin jirgin ya toshe, kuma abin da aka fi zargi shi ne ginin wani ƙwaro ɗan'uwan zanzaro, domin jirgin ya yi makonni a ajiye.

Fumfuna tana tsiro ne in damshi ya haura kimanin kashi 70 cikin 100, tana fitar da inzayim ta narkar da fata da zaren kujera. Tamfol ɗin kawu shi ya gayyato ta. Da damina ƙasa tana fitar da tururi, tamfol ya tare shi, rana ta dafa. Gara ma ba ta bar mota ba, domin bangon ƙofofin tsofaffin motoci kwali ne, wasu kuma gabansu katako ne. Kamfanin Morgan na Ingila ma da katako yake yin firam ɗin jikin motocinsa. Ita kuwa darbejiya, inuwarta na da daɗi, amma kashin tsuntsaye da ke zuba daga kanta yana ɗauke da asid mai cin fenti.

Numfashi da gumi

Mutum a zaune yana shaƙar iska kimanin lita 6 zuwa 8 a minti guda. Injin 504 mai lita 2 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. In yana juyi 3,000 a minti kuma an take totur, lissafi ya ba da kusan lita 3,000 na iska a minti. Da hunturu wannan iska cike take da ƙurar da ke tasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma yashin hanyoyin ƙauye. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. In ta shiga ta haɗu da baƙin mai sai ta zama abin wasa ƙarfe, ta cinye ringi. Mu gashin hanci da majina ke tare mana ƙura. Matacin iskar mota shi ne hancinta, kuma da hunturu ya kamata a riƙa duba shi kowane mako.

Wajen fitar da zafi ma akwai kama. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ke juya taya. Saura zafi ne, wani ya bi salansa, wani ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, kamar yadda jini ke kai zafi ga fata gumi ya fitar da shi. Akwai wani ɗan bawul mai suna tamostat da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗauki zafi, ya rufe in ya huce, aikin da wani sashe na ƙwaƙwalwa ke yi ya riƙe jikinmu a digiri 37. Da yawa daga makanikanmu cire shi suke yi su yar, wai na ƙasar sanyi ne. A ganina wannan kuskure ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, kuma cire tamostat ba ya gyara lagireton da ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Abin da ke toshe lagireto sau da yawa shi ne ruwan rijiya. Gishirin da ke narke a cikinsa yana kamawa a bututu kamar farin dattin da ke kama cikin butar shayi. Bugu da ƙari, kan injin 504 na alminiyam ne, gangar jikinsa kuma baƙin ƙarfe. Ƙarfe iri biyu a cikin ruwa mai gishiri batir ne, kuma alminiyam ɗin ne ke narkewa. Maganin wannan shi ne tataccen ruwa haɗe da ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa. Sai dai a yi hattara: sinadarin da ke cikinsa yana da zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a zuba shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai.

Dalma

An ƙera motocin da muke magana a kansu ne a zamanin da ake zuba dalma cikin fetur, dabarar da Thomas Midgley ya gano a kamfanin General Motors a 1921. Dalmar tana hana inji ƙwanƙwasa, tana kuma kare mazaunin bawul. Amma tana fita ta salansa ta shiga jinin mutane, inda take hana jiki yin jan jini yadda ya kamata, tana kuma dakushe ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Injin da kansa na baƙin ƙarfe ne zalla, irin na MGB, mazaunin bawul ɗinsa na iya cinyewa da fetur na yanzu in ana yawan gudu da shi, sai an sa masa masu tauri. Har yanzu akwai dalma a cikin batir. Wanda ya tuna da yara aƙalla 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba zai bari a fasa mataccen batir a tsakar gida ba.

In za a saya

Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya ɗaga kofato, ya sa a sukwane shi a gabansa. Sayen tsohuwar mota ta hoton waya cinikin biri a sama ne. Tambaya biyu ke gaba da kome: a ina ta yi rayuwarta, kuma tun yaushe take tsaye? Motar da aka ce "ba ta yi tafiya ba, a ajiye take" ita ce abin tsoro, kamar dokin da ya shekara a turke.

A shiga ƙarƙashinta da tocila, a ɗaga shimfiɗa, a duba cikin but. A bi jikinta da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, an cike ramin tsatsa ne da ƙullun gyaran bodi. A je da sassafe kafin mai ita ya ɗumama inji. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu kamar kindirmo, ruwa na shiga mai. Shuɗin hayaƙi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, baƙi na nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma ruwa ne. A gwada lambar da ke jikin mota da ta takardun kwastan da na rajista. In ta Ingila ce mai sitiyari a dama, a tuna Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, direbanta ba zai ga abin da ke tahowa ba in zai wuce babbar mota.

Sai batun kayan gyara. Na 504 mai ƙofa huɗu ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma kusan kowane tsohon makanike ya san cikinta. Mai ƙofa biyu ta yi tarayya da ita a abubuwa da dama na inji, amma ƙofofinta da gilasanta nata ne ita kaɗai. Jaguar kuwa kusan kome nata sai an yi oda daga waje da kuɗin waje. Kuma a sani akasarin motocin wancan zamani ba su da jakar iska, ba su da birkin da ke hana taya kullewa. Ƙarfin karo yana tafiya ne da saurin mota sau kansa, wato mai gudun kilomita 120 ya ninka mai gudun 60 sau huɗu. Hanyar Mai'adua ranar kasuwa, da shanu da amalanke da 'yan acaɓa, ba filin gwada wannan ba ne.

In an saya, kulawar ba ta da wuya, naci take so. A ajiye ta a rumfa mai daɓen siminti wadda iska ke ratsawa, nesa da rumbu da buhunan hatsi. A fita da ita kowane mako a yi tafiyar aƙalla minti ashirin, domin tayar da inji a tsaye na ɗan lokaci ba ya ƙone ruwan da ke taruwa a mai da salansa. In dole ta daɗe a tsaye, a cire wayar batir, a ɗaga ta a kan turaku, kada a ja birkin hannu domin yana kamewa, a toshe bakin salansa da ragar ƙarfe. Abokina ya ƙirga kuɗin taya huɗu, da batir, da tiyo, da aikin mai gyaran waya, ya ga sun kusa kai kuɗin motar. Ya saya duk da haka, bayan kawu ya yi masa ragi.

Gwaji a aji

Yanzu da garin Daura ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a 2019, wasu daga masu karanta wannan darasi nan za su nufa. Ga gwaji biyu da malami zai iya yi da su tun yanzu ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba.

A samo kwalabe huɗu da sababbin ƙusoshi, a goge ƙusoshin da yashi. Kwalba ta farko a zuba ruwan randa, ta biyu ruwan gishiri, a bar rabin ƙusa a waje. Ta uku a zuba ruwan da aka tafasa sosai ya rufe ƙusar, a tsiyaya man gyaɗa a samansa domin ya tare iska. Ta huɗu a sa ƙusa babu ruwa, tare da 'yar jakar ƙwayoyin tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a toshe. Ɗalibai su rubuta abin da suke tsammani kafin a fara, sannan su riƙa dubawa kullum har mako guda.

Na biyu, a samo robar ɗaure kuɗi guda shida daga ƙunshi ɗaya. A miƙa biyu a kan ƙusoshi a jikin katako a sa a rana, a miƙa biyu a ajiye cikin akwatin tebur, biyun da suka rage a sa su a rana ba tare da an miƙa su ba. Bayan mako biyu a duba su da gilashin ƙara girma, a zana yadda tsagar ta kwanta, a tsaye take ko a gicciye da inda aka ja robar. Daga nan a rataya wa kowace leda, a riƙa zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa har ta tsinke. Ajin da ya yi wannan gwaji a watan Janairu ya adana sakamakonsa, ya maimaita a Afrilu da Agusta, ya kwatanta.